Shekarar da na ɗaura wa kabewa aure

A gidanmu na Lamisula akwai wata kabewa da ba a wasa da ita. Irinta daga Khaddamari ya zo, daga gonar kakarmu mai rasuwa, kuma duk shekara Mama takan shanya 'ya'yan ta ƙulle a tsumma har damina ta kewayo. Shekarar da nake ba da labari, ɓera ya shiga ƙullin. Ƙwaya uku suka tsira, ɗaya ce kawai ta fito.

Ni kuwa lokacin na gama makarantar koyon aikin jinya, kaina ya yi girma, duk abin da ke tashi sama cuta nake ganinsa. Kabewa ta hau rumfa ta yi fure, ƙudan zuma suka cika tsakar gida. Na ce rigakafi ya fi magani, na sayo fiya-fiya na feshe rumfar tsaf, safiya uku a jere. Har yabon kaina nake yi.

Ashe gyaran gangar auzinawa na yi. Fure ya buɗe da safe, ya yanƙwane, ya faɗi, babu ɗa ko ɗaya. Mama kuwa sai dai ta tsince furen ta yi ta kallonsa a tafin hannu. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Sai ga goggona ta zo daga Zabarmari da tsarabar shinkafa. Manomiya ce, ba ta taɓa shiga aji ba. Ta ce wushe, gaisuwar Barebari, ta ɗaga kai ta dubi rumfa, ta shaƙi iska.

"Ina zuman gidan nan?"

"Na kashe su, Goggo."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Likita, 'yan kai amarya kika kashe! To wa zai kai namijin fure gidan macen? Gobe da sassafe ke za ki yi aikinsu."

Haka aka yi. Ta nuna mini macen, mai ɗan ƙulli a gindi, da namijin mai siririn kara. In tsinko namiji, in yaye ganyensa, in goga garin nan rawaya a cikin macen. Ni da farin kayan aikina a kan turmi, maƙwabta na leƙowa ta katanga suna yi mini guɗa. Goggo kuma ta sa aka ajiye kasko da ruwa da tsakuwa a gindin darbejiya, don zuman da suka rage su sami wurin sha.

Bayan kwanaki, ƙulli ɗaya ya ƙi faɗuwa, ya fara kumbura. Na yi ihu har Mama ta fito da gudu, ta zaci kunama ce. Zuma ma suka dawo kaɗan-kaɗan, ɗaya ta harbe ni a goshi, na haɗiye kukana don ba ni da bakin ƙara.

Kabewa huɗu muka samu. Ranar da aka yi miyar taushe, Mama ta wanke 'ya'yan ta shanya a faifai. Da suka bushe ta ƙulle a sabon tsumma, amma ba ta kai ɗakinta ba. Ta sa mini a hannu.

"Riƙe. Tun rasuwar uwata ban ba kowa ajiyar nan ba."