Kamiyon da Yaya Habu bai tsufar ba

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Habu makwancinsa a nan Madarumfa. Ni ƙanwarsa ce. Sai da na aurar da ɗiyata ta fari na shiga makarantar yaƙi da jahilci, saboda haka wanda ke neman daɗin baki ya buɗe wani shafin.

Yaya direban kamiyo ne, babbar motar kaya, har ranar da hatsari ya ci mashi ƙafa. Daga nan ya zauna gindin iccen bedi yana yanka gwangwanin madara, yana ƙera ƙananan kamiyoyi da ba su wuce tsawon takalmi ba. In ya shafa masu fentin mai, sai ya bar su kwana bakwai su bushe, sannan ya tsufar da su. Mutane na dariya, wai gurgu na ɓata sabon abu. Shi kuwa ya ce motar da ba ta da datti ba ta taɓa ciyar da kowa ba.

Ruwan tsufarwar shi ne asirin. Ƙaro yake jiƙawa, ya zuba baƙin gindin tukunya da ƴar lakar bakin tabki, ya ɗiga da gashin kaza, ruwan ya bi lungu ya kwanta inda datti ke kwanciya. Ni ke niƙa mashi baƙin.

Wata rana ya tafi Gabi ta'aziyya, ƙaro ya ƙare. Na ce bari in rage mashi aiki, na kwaɓa baƙin da kananzir, don na ga ya fi gudu, na shafa ma wata mota da ya gama. Kafin in ɗauraye hannu fentin ya tattare kamar fatar tsohuwa. Aikin wata guda. Da ya dawo bai yi faɗa ba, ga shi ni faɗan na iya. Ya sansana motar, ya ce, "Ƙanwata, fentin mai ba ya son ɗan'uwansa. Ruwa ake ba shi."

Na ƙarshen da ya ƙera kamiyonsa ne, koren nan da ya karya shi. Ya shafa fenti, yana jiran kwana bakwai, a na biyar Allah ya karɓi abinsa. Na naɗe motar cikin zane, tana ƙyalli.

Ina tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. Kasuwa ta cika da motocin roba masu walƙiya, ba mai tsayawa kallon gwangwani. Gindin bedin ma an zuba bulo.

Bana ɗiyarsa Rabi ta zo daga Maradi da wata ƴar kwalba. Ta ce, "Gwaggo, a waya na gani, da wannan ake tsufar da su yanzu. A ƙarasa mani motar Baba in tafi da ita."

Na buɗe, na kai hanci, warin kananzir ya doke ni. Na ce, "Ke, wayarki ta san irin fentin da ubanki ya shafa? Motar guda ce, in ta narke ba mai sake ƙera wata."

Ta ce, "Gwaggo ke nan, kome faɗa."

Na jiƙa ƙaro, na ɗebo laka. Na fara gwadawa ƙarƙashin motar, inda ido ba ya kaiwa, kamar yadda yake yi. Fentin bai motsa ba. Na bi ƙofar direba, na bi bayan taya. Da ta bushe, Rabi ta rufe baki da hannu. Ta ce haka take tuna babbar motar ubanta a ƙofar gida.

Aiki ya yi kyau, kuma shi ne abin da ya karya mani zuciya. Duk shekarun nan da motar ke ƙyalli, ji nake Yaya bai gama ba, kamar ya fita ne zai dawo ya ƙarasa. Bai bar gona ba, bai bar gida ba. Abin da ya bari yana cikin hancina da yatsuna, ni kuma na haura sittin, ba wanda ya zo ya ce in koya mashi.

Rabi ta tafi da motar. Ni zanen ya rage mani. Allah ya jiƙan Yaya Habu, ya sa ya huta.