Dakta Sada Maharazu da Sifirin Ranar Ban-Ruwa

An haifi Dakta Sada Maharazu ranar 12 ga Maris, 1955, a wani ƙauye da ke gabas da Bunkure. Mahaifinsa, Malam Maharazu, manomin dawa ne, mahaifiyarsa kuwa Talatu, mai sana'ar daddawa.

Karatunsa

Ya fara da makarantar allo, sannan aka sa shi firamare a Bunkure a shekarar 1963. A 1970 ya tafi makarantar horon malamai ta kwana, daga nan kuma birni ya riƙe shi har ya kammala digiri a fannin ilimi a 1983. A cikin waɗannan shekaru ne ruwan madatsar Tiga ya iso yankinsu, aka haƙa kanal, mutanensa suka koma noman shinkafa da tumatir, ana sakar wa kowane ɓangare ruwa a ranarsa. Duk wannan sauyi a bayan idonsa aka yi shi, sai abin da ya gani in ya zo hutun salla.

Aurensa da Fara Aiki

A 1984 ya auri Aziza, 'yar wani mai injin casar shinkafa a Kura, a shekarar kuma wata kwalejin ilimi ta ɗauke shi malami. An san shi da gaskiya da kiyaye lokaci, har ɗalibai kan ce da shi ake saita agogo. Sai dai yana da saurin yanke hukunci, kuma a lokacin yana ɗaukar hakan ado ne.

A zamanin, idan aka tura ɗalibi gwajin koyarwa, malami ɗaya ke zuwa duba shi, sau ɗaya, ya ba shi maki a fom, kuma babu ɗaukaka ƙara.

Al'amarin 1991

Ranar Talata, 12 ga Fabrairu, 1991, ya hau babur zuwa wata firamare da ke bakin kanal kusa da Kura, domin duba wata ɗaliba mai suna Monica Levi, 'yar wani Kirista manomi da ya zo yankin neman abinci. Ƙarfe tara daidai ya isa. Bai tarar da ita ba, bai tarar da hedimasta ba, ajin kuma babu kowa. Ya jira minti goma sha biyar, ya rubuta mata sifiri, ya koma.

Abin da bai sani ba shi ne Talata ce ranar ban-ruwan ƙauyen, ranar da iyaye ke kwashe 'ya'yansu zuwa gona tun asuba. Monica, da yardar hedimasta, ta mayar da darasin Talata bayan la'asar, kuma ajinta kan cika maƙil. Da ya tambayi ko mai tallar gyaɗa ce a bakin hanya, da an gaya masa. Monica ta faɗi, ba ta sami halin maimaita shekara ba, ta koma turara shinkafa a Kura.

Gano Kuskure da Neman Gyara

Sai a 1998, a wurin wani suna, tsohon hedimastan, Malam Uba, ya ba shi labarin ba tare da sakaya ba. An ce Sada bai iya cin abincin sunan ba. Washegari ya nemi Monica, ya same ta a gaban tukunyar turara shinkafa, ya roƙi gafara. Iyakar abin da ta ce masa shi ne, "Malam, ai kai ɗan nan ne, ya aka yi ba ka tambaya ba?" Ba ta ce ta yafe ba, kuma wannan ya tsaya masa a rai tsawon rayuwarsa.

Ya nemi a gyara makin, aka ce an rufe takardun shekarar. Daga nan ya ɗauki fom ɗin, ya yi ta kai shi gaban kwamitin kwaleji da shawarar a riƙa duba ɗalibi sau uku, ta hannun malamai biyu, a tambayi ranar ruwan gari kafin a sa rana, a ji ta bakin hedimasta, a kuma nuna wa ɗalibi makinsa ya faɗi uzurinsa. Abokan aikinsa, waɗanda da yawansu kan cike fom a inuwar ofis, suka laƙaba masa Sarkin Ruwa. Sau huɗu ana watsi da shawarar kafin a karɓe ta a 2004, shekarar da ya kammala digirinsa na uku a kan auna ƙwarewar malamai.

A 2005 ya shawo kan Monica ta koma karatu tana da shekara talatin da shida. Ya ƙi shiga cikin masu duba ta, domin a faɗarsa hannunsa ya riga ya yi mata isasshen rubutu. Ta sami takardar malanta a 2008, shekara goma sha bakwai bayan lokacin da ya kamata.

Ƙarshen Rayuwarsa

Ya yi ritaya a 2020, ya koma Bunkure, ya kama noman albasa, wanda maƙwabtansa suka shaida bai iya ba. Allah ya yi masa rasuwa ranar Juma'a, 18 ga Nuwamba, 2022, bayan jinyar ciwon ƙoda, aka binne shi a maƙabartar ƙauyensu kusa da mahaifinsa.

Monica, wadda a lokacin ita ce shugabar firamaren nan ta bakin kanal, ta zo ta'aziyya ranar uku. Ta shaida wa Hajiya Aziza cewa ta yafe masa tun ranar da ya tsaya a gaban tukunyarta, nauyin baki ne ya hana ta faɗa, tana ganin akwai lokaci. Ya rasu bai ji wannan kalma ba.

Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Abdulsamad, Mudassiru, Gidaɗo da Khaulat. Allah ya yafe masa, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.