Kuɗin Gudun Ɗana

Shekarar da aka ja mana lantarki, kafin a rushe unguwarmu don faɗaɗa Harami, ɗana ya fara kawo kuɗin ƙwallo gida. Wani kulob ne a nan Madina ya ɗauke shi. Aikinsa, in ji shi, ya yi gudu a gefen fili, a bugo masa ƙwallo ya tare, ya miƙa wa wani. Na ce shi ke nan? Ya ce shi ke nan, da Larabci, don yaran nan Hausa sai dai su ji.

Abin da ake ba shi a wata ya fi abin da ubansa ke samu a gonar dabino ta unguwar Awali, inda yake hawa bishiya da igiya a ƙugu yana ɗaura wa macen dabino furen namiji. Malam ya ce ba zai ci kuɗin wasa ba. Sai na koma ɗora tukunya biyu, ta yaron da nama, ta Malam da abin da guminsa ya saya. Ni da ban taɓa raba kwano a gidana ba, ga uba da ɗa kowa da tirensa. Yaron ya fara ramewa.

Ban roƙi kowa ba, ba halina ba ne. Na dai ce wa Malam, ai mai sayen dabino ba ya yanke farashi sai ya buɗe buhu. Aka yi kwana uku. Ran na huɗu bayan la'asar ya sa takalmi ya bi yaron filin.

Da suka dawo, Malam ya zauna a tabarma ya ce yaron ya miƙo ƙafa. Ya duba ƙwaurin duk an tattake shi. Ya sa na kawo man zaitun, ya shafa masa da hannun nan nasa mai kaushi. Na tambaye shi yadda ya gani, amma sai ya juya wajen yaron ya ce:

"Ko jakin gona ba a kora shi haka cikin rana. Sun cuce ka. Gobe ka ce su ƙara."

Ranar tire ɗaya na shimfiɗa.

Ba su ƙara ba. Bayan 'yan shekaru gwiwar yaron ta lalace, ya koma tuƙa alhazai zuwa Badar. Malam yana kwance a maƙabartar Baƙi'a. Saura ni, da shi mai gudun da yanzu yake dogara sanda, da ƙanwarsa da ke aure a Khaibar.