Shekarar da Gwiwata Ta Cinye Mana Iri

A duk ƙasar Bebeji, daga Ƙofa har ka leƙa Kiru, ba a taɓa yin masanin sama kamata ba. Ban karanci taurari ba, ba na bugun ƙasa. Gwiwa gare ni. Tun ranar da jaki ya kayar da ni a hanyar kasuwa, gwiwata ta hagu ta zama 'yar aiken hadari: in za a yi ruwa jibi, yau za ta fara sara. Har cewa nake girgije ba ya shiga Kano sai ya biyo ya gaishe ta. Mutane suna dariya, amma suna tambaya.

Zamanin En'e ne, saura 'yan shekaru a samu mulkin kai. Daminar da ta wuce ba ta yi mana kirki ba. Kafin bazara ta tsaya, in ka yi tari a bakin rumbunmu sai ya amsa maka. Gandu ɗaya muke, Yaya ne babba tun rasuwar mahaifinmu, sai Inna, wadda ta daina zuwa gona amma ba a shuka sai ta ce to. Abin da ya rage mana shi ne dami biyu na geron iri, rataye a ɗakinta inda hayaƙi ke korar ƙwari. Mun ci tafasa, mun ci ɗinkin, ba wanda ya taɓa su.

Wata Laraba da la'asar ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi. Da safe Yaya ya tona gona da hannu, laima ta kai tsawon yatsa. Yana tsugune yana shawara da zuciyarsa sai ga Baffa, dattijon Bafillatanin da rugarsa ke bayan gonarmu. Muka gaisa, aka tambayi shanu da iyali, sannan ya ce wa Yaya:

"Ɗana, kada ku shuka. Wannan ruwan baƙo ne, wucewa ya yi. Dubi sama, an kife ta kamar ƙwarya. Iska ba ta juyo daga kudu ba, gawo bai zubar da ganye ba, shanuna ko hanci ba sa ɗagawa. Zafi ne zai zauna, zaman wata guda."

Na ce, "Haba Baffa, saniya ce za ta koya wa gwiwata aiki? Tun jiya take sara kamar ana dukanta da taɓarya. Kwana uku, in ba a yi ruwan da zai tafi da akurkin kaji ba, ka aske mini gemu ba ruwa."

Yaya ya dube ni. "Ka tabbata? Ka san ba mu da na biyu."

"Yaya, ta taɓa yi maka ƙarya?"

Ba ta taɓa ba kuwa, domin duk duban da na yi a baya a tsakiyar damina na yi shi, lokacin da ko kaza ta ce za a yi ruwa ta faɗi daidai. Inna ta ce to. Aka sussuke damin nan biyu, muka ɗauki sungumi, muka zuba su a ƙasa tas.

Rana ta huɗu gero ya tsiro, layi-layi, kore shar. Ruwa bai zo ba. Sama ta yi fes, ba ko ɗan tsumman girgije. Rana takan fito da zafinta tun hantsi, ta zauna a kanmu kamar an ɗora mana dutsen niƙa. Iska ta mutu. Ƙadangare ma tsalle yake daga inuwa zuwa inuwa. Kowace asuba nakan fita in shafa ciyawar bakin danga ko zan ji raɓa, in ji ta a bushe kamar tsintsiya.

A mako na biyu muka fara abin da mai hankali ba ya yi: ban ruwan gonar gero da tulu. Mata suna ja, mu muna kaiwa, ludayi ɗaya kowane gindi. Kafin ka kai ƙarshen layi na farkon ya bushe. Rijiya ta ja baya har sai da na kwance rawanina aka ƙara wa igiyar guga. Gari ya fita roƙon ruwa kwana uku, manya da yara, muka juya rigunanmu a baibai kamar yadda liman ya ce. Muka dawo da gumi.

Ranar da tsiron ya gama mutuwa, Yaya ya ciro guda, ya murza shi a tafin hannu, ya hure. Ya juya ya nufi gida. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Da yamma Inna ta turo mini nata kason kwaɗon tafasa, ta ce ita ta ƙoshi. Baffa kuwa bai taɓa tayar da maganar gemu ba. In mun haɗu sai ya dubi gemun, ya tambayi lafiyar gwiwa.

Inna ce ta ce in tafi wajen ƙaninta, Kawunmu, can bayan Tudun Wada wajen Doguwa, inda ruwa ke riga namu sauka. Kwana uku ina ɗingishi. Da na isa na durƙusa, baki ya ƙi buɗuwa, ni da ake roƙo in yi shiru. Kawu ya riga ya ji labari a bakin fatake. Ya auno mini ragowar irinsa a ƙwarya, ya ƙunshe a tsumma.

"Gero ya wuce ku bana. Ga dawa, ga maiwa kaɗan, iyakarsu ke nan. Ɗora a ka, kada gwiwar ta gani."

A hanyar dawowa yunwa ta kama ni har hannuna ya kai bakin ƙunshin sau biyu. Na tuna fuskar Yaya, na tsinki ganyen ɗinya na tauna.

Na tarar da gida yadda na bar shi, sai dai kowa ya ƙara tsawon wuya. Saura shawara: a jira ruwa, ko a yi binne, wato a zuba irin a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa a can. In ruwa ya yi jinkiri, tururuwa da zabi su cinye, shi ke nan mun tashi. In aka jira kuma, lokaci ya ƙure. Yaya ya tambayi Baffa, shi kuma ya ce iska ta fara juyawa, amma sani sai Allah. Sai Inna ta juyo gare ni.

"Kai kuma me ƙafar ta ce?"

Na faɗi gaskiyata. "Inna, shiru take kamar turmi. Ba ruwa nan da kwana goma. Zafin nan bai gama da mu ba."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ku ɗauko sungumi."

Muka yi binne. Kwana biyu tsakani gabas ta yi baƙi, iska ta kwashe akurkin kajin da na yi wa Baffa alkawari, ruwa ya sauka har gari ya waye. Dawar ba ta cika rumbu ba, amma ta kai mu wata damina ba mu binne kowa ba.

Da kaka, muna ɗaurin dami, bakina ya dawo. Na ce wa masu taya mu aiki, "Ku dubi dawar nan da kyau. Gwiwar nan ce ta ɗauko ta daga Doguwa, kuma ita aka tambaya kafin a shuka."

Yaya bai ko ɗago kai ba. Ya ja igiyar dami ya ce, "Ƙwarai, gwiwa ce mai albarka. Sai dai rigar roƙon ruwa ce, a baibai ake amfani da ita."