Magudanar Gime

A ƙauyen Gime Marufu, cikin fadamar Logone, ba gona ake gado ba, magudana ake gada. Kakansa ne ya haƙa tasu da fartanya, daga tafki zuwa kogi. In ambaliya ta fara janyewa sai Gime ya kafa taru a bakinta, tarwaɗa ta biyo ruwa ta faɗa ciki, matarsa Ashe ta yi banda. Da wannan gidan yake ci har shekara ta zagayo.

Amma magudanan sun yi yawa, suna tsotse fadamar tun kafin ciyawa ta yi ƙwari. Makiyaya suna ta kuka, tsuntsaye kuma suka ƙaurace. Sai wata ƙungiya ta tara masunta da makiyaya da ma'aikatan gandun daji a gindin tsamiya, aka yi yarjejeniya cewa kowane gida zai cike magudana ɗaya. Aka yi fatiha aka tashi.

Gime mutum ne mai ɗaukar magana da nauyi, har abin yana ba matarsa haushi. Washegari ya saɓa fartanya.

"Malam, ɗaya fa gare mu!" in ji Ashe. "Masu huɗu ma ba su motsa ba, kai ne sarkin gaggawa?"

"An shafa fatiha da ni, Ashe."

"To, fatihar za mu yi banda da ita bana?"

Masu huɗun sun cika alkawari, ba a ce ba su cika ba. Kowa ya nemo tsohuwar magudanarsa da ta toshe tun zamanin iyaye, ya watsa mata ƙasa. Gime ne kaɗai ya binne mai rai.

Tafkinsa ya riƙe ruwa har bazara. Ciyawar burgu ta tsiro, shanu suka ƙoshi, gauraki da dinya suka dawo. Ana kawo baƙi a jirgin inji su ɗauki hoto, shi kuwa yana bakin magudanar surukinsa yana jan taru a matsayin ɗan ƙwadago. Surukin kan ce, "Ja da ƙarfi, uban gauraki!" Sai a kwashe da dariya, Gime ya haɗiye takaici.

Da rumbu ya yi ƙasa a shekara ta biyu, ya ɗauki fartanyarsa zai buɗe abinsa. Bai yi nisa ba wani ma'aikacin gandun daji ya iso.

"Baba, yi haƙuri, a nan kam ba a haƙa. Tsuntsaye sun yi sheƙa, wurin ya shiga ƙarƙashin kariya."

Gime ya nuna magudanan maƙwabta, suna ta kwarara. "Waɗancan fa?"

Ma'aikacin ya sunkuyar da kai. "Can babu abin da ya rage da za mu kare. Da ba ka cike taka ba, Baba, wallahi da ba ruwanmu da kai."