Wata Tara Baba Mai Aski Bai Yi Aski Ba

Duk ranar Talata da safe, Baba Mai Aski zai rufe shagonsa, ya ɗaure jakar kayan aiki a bayan keke, ya nufi cibiyar da ake jinyar masu shaye-shaye. Mai gadi ba ya tambayarsa komai, ƙarar birkin keken ta ishe shi sallama. A barandar ɗakin maza zai girke kujera, ya rataye madubi a ƙusa, ya shiga yi wa masu jinya aski ɗaya bayan ɗaya. Shekara ashirin da biyu ke nan yana haka, ba tare da wani ya ɗauke shi aiki ba. Yanzu idanu sun ce masa ya isa, a watan nan zai ajiye aska.

Mun daɗe muna yi masa tsiya a unguwa, don duk cikin masu aski babu mai mummunan kai irin nasa, nan tudu can kwari. Dalili kuwa wata ƙa'ida ce da ya kafa wa kansa. Ranar da aka sallami mutum daga cibiyar, Baba zai zauna a kujera ya miƙa masa aska, ya ce, "Yau kai ne mai askin." Mutumin da a gidansu ake kulle ɗakuna idan ya shigo, sai ga dattijo ya miƙa masa wuya. Ma'aikatan jinya sun ce sun sha ganin ƙato riƙe da aska yana hawaye.

Wanda ya fi ba shi wahala shi ne Dogo, tsohon direban babbar mota. Ƙwaya ya fara sha don kada barci ya ɗauke shi a hanya, har ta ci aikin, matarsa ta kwashe 'ya'ya ta koma gidansu. Yayarsa ce ta kawo shi karo na uku, ta kuma faɗa a gaban kowa cewa daga wannan ta cire hannu.

Talatar farko, da Baba ya faɗa masa ƙa'idarsa, Dogo ya ƙi kallon madubi. "Baba, rabu da ni," ya ce. "Dubi hannuna yadda yake rawa. Ko kofin ruwa ba ya riƙewa, balle aska."

"Ni dai na gama magana," in ji Baba. "Wannan kan nawa ba wanda zai taɓa shi sai kai. Ka ɗauki lokacinka."

Bayan wata biyu Dogo ya haura katanga ya gudu. Ran Baba ya ɓaci ƙwarai, amma bai janye maganarsa ba. Suma ta taru, hula ta daina zama. Masu zuwa shago suka fara tambaya ko lafiya, mai ɗakinsa kuwa ta ce, "Malam, tsuntsaye fa sun fara neman gida a kanka." Sai ya ce mata, "Akwai mai shi, zai zo."

A wata na biyar, yana wucewa ta bayan tashar mota, ya hango Dogo zaune a jikin wata tsohuwar taya, ya rame ya yi baƙi. Baba bai yi masa wa'azi ba. Ya tsayar da keke, ya cire hula, ya tsaya kawai. Dogo ya daɗe yana kallon wannan farar sumar.

"Baba, wai har yanzu?"

"Har yanzu, ɗana. Kuma wallahi ƙaiƙayi take min."

Washegari Dogo ya kai kansa cibiyar da ƙafarsa. Wata huɗu ya yi yana fama da amai da zufa da ciwon gaɓoɓi, bai sake kallon katanga ba. Ranar sallama, yayarsa na tsaye, ya karɓi aska. Ya ɗan yanki Baba a bayan kunne, amma ya kai askin ƙarshe. Bara matar Dogo ta dawo da yaran.

Baba, kai ne ka ga mutum a inda muka ga ɗan ƙwaya. Likita ya ba da magani, kai ka ba da yarda, ita ce kuwa muka fi yi wa waɗannan bayin Allah rowarta. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara wa idanun nan haske.

Mu kuma da muka iya dariya, kowa a cikinmu yana da abin da zai iya miƙa wa wanda ya fito daga jinya, ko makullin shago ne, ko wurin zama a tabarma. Mu miƙa. Talatar da ta wuce mai gadi ya ji ƙarar birkin nan ya buɗe ƙofa, sai ya ga Dogo ne a kan keken, da jakar Baba ɗaure a baya.