Wushiryar da ta zo mini bayan na girma

Assalamu alaikum Edita, tare da duk mai karatu. Ni mace ce daga wani ƙauye a ƙasar Minjibir. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don dariyar da mutanen garinmu suka yi mini a baya ta ishe ni. Lokacin da abin nan ya same ni shekaruna arba'in da 'yan kai, 'ya'yana shida, maigidana manomi ne, ni kuma sana'ata kantun riɗi da alewar gyaɗa a cikin gida. Ni ce irin matar nan da ake jin muryarta tun daga bakin rijiya kafin a ga fuskarta. In ana biki ko suna ban zo ba, sai an aiko ko lafiya, don babu mai tsokanar dangin ango kamar ni. Abu ɗaya ne na taso ina jin an rage mini, shi ne wushirya, 'yar ƙofar nan da ke tsakanin haƙoran gaba na sama. Aminiyata, wadda muka taso tare kuma aure ya ajiye mu katanga ɗaya, tana da ita, kuma tun muna 'yan mata in ta yi murmushi sai a manta ina wurin. Ni kuwa haƙorana a jere suke cif. Har sillen kara na sha cusawa tsakaninsu ko za su buɗe, Innata ta kama ni ta sakar mini ranƙwashi.

Yadda nake kula da bakina a wancan lokacin kuwa, Allah dai ya yafe mini. Mai kantu ba ta rabuwa da ɗanɗano. In sukari ya narke a tukunya sai na lasa, in na zuba riɗi sai na gutsura na ji ko ya kama, in na yayyanka kuma ɓarɓashin gefe ba na bari ya lalace, bakina ne ma'ajinsa. Tun hantsi har la'asar zaƙi ba ya barin haƙorana. In na gama sai in ɗora goro a kai, in ajiye shi a kumatu yana jiƙa. Abin da ya maƙale kuma, in zaro tsinke daga tsintsiyar da nake shara da ita in sakace. Ga darbejiya a ƙofar gida, amma aswaki sai ranar Juma'a ko ranar biki. In maigida ya yi magana sai in ce masa ai sau biyar a rana bakina yake ganin ruwan alwala, me kuma ake nema? Da dasashina ya fara jini duk lokacin da na yi aswakin, sai na yanke hukunci irin na masu wayo, na ce aswakin ne yake ji mini ciwo, na daina shi gaba ɗaya. Wannan shi ne babban kuskurena, kuma a lokacin gani nake na yi dabara.

Wata safiya bayan kaka ina saka kwalli zan tafi suna, na washe baki a madubi, sai na ga wani siririn layi baƙi tsakanin haƙorana na gaba. Na ɗauka riɗi ne ya maƙale. Na sa tsinke, tsinke ya wuce fit ya fito ta ciki. Na sake sawa, ya sake wucewa. Jama'a, ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba! Ko ɗankwali ban gama ɗaurawa ba na leƙa ta katanga na ƙwala wa aminiyata kira. Ta zo ta kama haɓata ta juya ni wajen haske, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce ikon Allah, ita dai ba ta taɓa ganin wushiryar da ta jira mutum ya haifi shida ba. Maigida da ya dawo daga gona na tare shi da baki a buɗe. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ashe Allah ya yi masa sabuwar amarya ba tare da ya kai lefe ba. A gidan sunan nan kuwa na hana mai jego sakat, kowa sai da na nuna masa. Ko gaisuwar rashin lafiya na je, sai na yi da gaske nake rufe bakina.

Abin bai tsaya nan ba, ƙofar ta ci gaba da buɗewa, ni kuma ina ta murna. Da farko ƙwayar riɗi ce take shiga, kafin watan azumi ƙwayar gero ta shiga, bayan babbar sallah har dawa tana wucewa. Ina aunawa ina ba mata labari kamar mai kiwon ɗan akuya. Alamu kuwa sun yi ta zuwa ina kau da kai. Haƙoran sun ƙara tsawo, na ce kyau ne. Ruwan randa in na kurɓa sai in ji tsam har cikin kaina, na ce sanyin randar ne ya yi yawa. Maigida ya fara zuwa mini da ƙullin kanumfari duk ranar kasuwa, yana cewa in riƙa taunawa. Ni ina ta yi wa mata fankama wai tsohon nan soyayya ta motsa masa, ashe bawan Allah warin bakina ne ya dame shi, kunya ta hana shi faɗa. Aminiyata ce kaɗai ta yi ƙarfin hali. Ta ce mini ita tata wushiryar tun tana yarinya girmanta ɗaya, ba ta ƙaruwa, wannan tawa da take girma kamar kabewa ba ta yarda da ita ba, in je a duba. Sai na buɗe baki na ce mata baƙin ciki take yi don ta ga na kamo ta. Kwana uku ba mu yi magana ba, kuma har yau in na tuna maganar nan kunya ce take rufe ni.

Gaskiya ta bayyana da damina, ranar da masarar gonarmu ta fara nuna. Na kai wa maigida abinci, ya karyo mana guda biyu ya gasa a gindin ɗorawa. Na kai baki na gartsa da haƙoran gaba yadda na saba, sai na ji ɗayansu ya motsa. Ba ciwo na ji ba, motsi na ji, kamar turken da ruwa ya zaizaye gindinsa. Na duba masarar, ga jini a jiki. Na sa yatsa na taɓa, su biyun duka suna lilo. Nan take na tuna wata gwaggona da haƙoran gabanta suka zube, wadda ba ta dariya sai ta ja mayafi ta rufe baki. Na ce wayyo ni, wato daga wushirya giɓi zan faɗa? Ni da dariya ce jarina, in haƙoran nan biyu suka fita ina zan sa kaina? Tun daga ranar na yi shiru, har maƙwabta suka fara tambaya ko na yi tafiya.

Maimakon in nufi asibiti, sai na sake wani shirmen. Ranar kasuwa akwai wani mai magani da yake shimfiɗa buhu yana cewa yana cire tsutsar haƙori. Ya leƙa bakina ya girgiza kai, ya ce tsutsotsi ne suka cinye gindin haƙoran. Ya zuba wasu 'ya'ya kamar na gauta a kan ƙarfe mai zafi, ya sa na buɗe baki hayaƙi yana shiga, ga kwanon ruwa a ƙasa. Can sai ga wasu fararen abubuwa sirara a cikin ruwan, ya ce ga su nan sun fito. Na dawo gida ina tari, idona jawur, ina hamdala. Bayan sati guda haƙora suna nan suna lilonsu, har wani matauni na can baya ya kumbura mini kumatu. A ranar ce aminiyata ta shigo da mayafinta a kafaɗa, ba ta ko tsaya sauraron ban-haƙurina ba. Ta ce in tashi mu tafi, ta riga ta yi magana da maigidana ya yarda, in kuma na ƙi tashi za ta kira mata su ɗauke ni kamar amarya.

Muka shiga mota daga Minjibir zuwa Kano, sashen haƙori na wani asibiti. Likitar mace ce, ba za ta wuce sa'ar babbar 'yata ba, tana ta kirana Mama. Na kwanta a kujerar nan mai komawa baya, na ba ta labari tun daga ranar kwalli har zuwa tsutsa. Ta yi ta cije leɓe don kada ta yi dariya, aminiyata kuwa ba ta ɓoye tata ba. Likita ta ce babu wata tsutsa a haƙori, abin da na gani a ruwa cikin 'ya'yan nan ne da zafi ya fasa. Ta ce dattin abinci da zaƙi ne suka taru a gindin haƙorana suka daskare, dasashi ya kumbura ya ja baya, abin da ke riƙe da haƙoran ya fara cinyewa, shi ya sa suka saki suka rabu da juna. Jinin da na gani tun farko kuwa, ta ce dasashi ne yake neman a tsabtace shi a hankali, ni kuma na yi masa yaji. Ta kankare mini bakin da wani ɗan inji mai ƙara, wasu baƙaƙen ɓarɓashi masu tauri kamar tsakuwa suka yi ta fita, na rasa inda suka ɓuya duk shekarun nan. Mataunin na baya ta ce ya riga ya gama, da kumburin ya saɓe aka cire shi. Na gaba biyun kuwa ta ce ba za ta yi mini alkawari ba. Wata uku ta ba ni, ta ce ko su tsaya ko su fita, yawancin aikin yana hannuna.

Ban taɓa riƙe wata magana kamar yadda na riƙe tata ba. Buroshi mai laushi da man goge baki, safe da kuma bayan cin abincin ƙarshe, a hankali tun daga gindin haƙori, ba dirza irin ta wankin tukunya ba. Ta ce aswaki ma yana da kyau, in dai za a riƙa yanke bakinsa ana sabuntawa kuma a bi da shi ciki da waje. Ko na ga jini kada in daina. Tsinken tsintsiya ta ce in bar wa shara. In na sha zaƙi in kurkure baki, in kuma daina lasa-lasa duk yini. Goro na rage, gartsa abu mai tauri da haƙoran gaba na daina. Ɗanɗanon kantu shi ne ya fi ba ni wuya. Maigida ya ce shi ya ɗauki nauyin wannan aikin saboda Allah, na ce masa a'a, shi ma ga buroshinsa na sayo. Muka koma tsugunawa tare a bakin magudana da safe, kumfa a baki, muna kallon juna muna ƙunshe dariya. Cikin sati biyu jinin ya ɗauke. Kanumfari ma ya daina zuwa daga kasuwa, a nan ne maigida ya faɗa mini gaskiyar dalilinsa, na bi shi da muciya har zaure.

Da wata uku suka cika muka koma, ni da aminiyata. Na sake kwantawa a kan kujerar. Likita ta sa ɗan ƙarfenta ta taɓa na dama, ta taɓa na hagu, ta sake taɓawa, sannan ta sauke ƙyallen da ke bakinta ta ce Mama, sun kama. Ba su koma kamar na budurwa ba, amma sun zauna, kuma in na ci gaba da yadda nake yi ina zuwa ana dubawa, za mu tsufa tare. Wallahi hawaye na yi, ina yi ina dariya, aminiyata tana bubbuga bayana tana cewa in rufa mana asiri a gaban mutane. Na tambayi likita ko ƙofar za ta rufe, ta ce da wuya, sai dai ba a so ta ƙaru. Kun ji fa, wushiryar tana nan, na fito da abata. Har muka iso gida ban rufe baki ba, na gaisa da wanda na sani da wanda ban sani ba.

Abin da na koya shi ne baki ba ya lalacewa rana ɗaya, kuma ba ya yin shiru, mu ne ba ma saurare. 'Yan'uwana mata, musamman masu sana'ar zaƙi da masu goro irina, kurkurar alwala ba ta isa ba. Ku goge baki safe da dare, ku koya wa yara tun haƙoransu na fari. In kun ga jini kada ku jefar da aswaki, in haƙori ya fara matsawa daga inda Allah ya dasa shi ku nufi asibiti, kada ku tsaya wajen mai hayaƙi. Wanda kuma ya faɗa muku gaskiya a kan bakinku, ku gode masa, don ba ƙaramar ƙauna ba ce take sa mutum ya iya faɗa. Ni na yi sa'a, haƙori ɗaya na rasa, na can baya, babu mai ganin gurbinsa. Harshena ne kaɗai ya san wurin, kullum sai ya je ya leƙa, kuma duk lokacin da ya je sai in tashi in ɗauko buroshina.